Yadda Wasa Ke Koya wa Yara Dokokin Kokawa da Ƙirgen Maki

Kokawar da ake yi a kan katifa, irin wadda ake gani a gasar Olamfik, tana tafe da dokoki da ƙirgen maki waɗanda ba sa zama a kan yaro ɗan shekara bakwai ko goma ta hanyar bayanin baki. Idan aka zaunar da yara aka ce musu kaza maki biyu ne, kaza kuma huɗu, za su gyaɗa kai, wasu ma su maimaita tiryan-tiryan kamar hadda. Amma da zarar an busa usur sun kama juna, sai duk abin da aka faɗa ya bi iska. Wannan ne ya sa masu horar da ƙanana suka fi dogara da wasanni: a ɗauki doka ɗaya tak, a gina ɗan wasa a kanta, ta yadda yaro ba zai ci ba sai ya yi aiki da ita, in kuma an cinye shi, ta dalilinta ne. Abin da ya jawo wa yaro faɗuwa a gaban sa'anninsa ba ya saurin mantawa da shi.

Yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne a harkar kokawa. Ya ga ana yin ta a dandali bayan an kawar da amfanin gona, ya yi ta da 'yan'uwansa a rairayin ƙofar gida, ya san taɗiya, ya san kamun ƙugu. A Jamhuriyar Nijar kuwa babu wasan da ya kai ta farin jini. Tun 1975, shekarar da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa har Kantu na Maraɗi ya zama zakara, ake fafatawa a kan takobi, kuma a yau kowace daga cikin jihohin ƙasar takwas kan zo da 'yan kokawa goma. Wannan sabo jari ne babba ga mai horarwa, sai dai yana zuwa da wata ɗabi'a mai wuyar kankarewa. A kokawar gargajiya kaye shi ne ƙarshe: da bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, sai kiɗa da kirari. A kan katifa kuwa, kai abokin karawa ƙasa maki kawai yake kawowa, kokawa ta ci gaba a kwance. Saboda haka yaron da ya saba da ta gargajiya yakan yi kuskure iri biyu a makonninsa na farko. In ya kayar, sai ya saki abokinsa ya miƙe yana murna, alhali a daidai nan ne ƙarin maki yake. In kuma shi aka kayar, sai ya saki jiki ya kwanta rigingine, wanda babu abin da ya fi shi muni ga ɗan kokawar katifa. Babban ɓangare na aikin wasannin koyo a wannan yanki gyaran waɗannan ɗabi'u biyu ne.

Hukumar kokawa ta duniya, United World Wrestling, mai hedikwata a ƙasar Suwizalan, ita ke tsara dokokin. Manyan salon kokawar biyu ne. Akwai firistayil, inda aka yarda a kama ƙafar abokin karawa, a kuma taɗe shi. Irinsa ne mata ke yi, kuma an shigar da kokawarsu cikin Olamfik a 2004. Akwai kuma Gireko-Roman, inda aka hana kamu daga ƙugu zuwa ƙasa, aka hana aiki da ƙafa wajen kayarwa. Firistayil ya fi kusa da abin da yaran dandali suka sani, don haka da shi ya fi dacewa a fara. A cikinsa ne Daniel Igali, haifaffen jihar Bayelsa, ya ci wa Kanada lambar zinare a Sidni a 2000, kuma Blessing Oborududu ta samo wa Najeriya lambar azurfa a gasar Tokyo da aka yi a 2021, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu a kokawa.

Filin da'ira ce mai faɗin mita 9. Mita ɗaya na bakinta, daga ciki, launin ruwan lemo ne, don ɗan kokawa ya san ya kusa fita. Ɗan kokawa ɗaya yana sanye da ja, ɗayan da shuɗi, kuma da launin alƙali ke kiransu, ba da suna ba. Manya suna yin zagaye biyu na minti uku-uku da hutun sakan 30 a tsakani, 'yan ƙasa da shekara 17 kuma minti biyu-biyu, ana tara makin zagayen biyu wuri ɗaya. Fitar da ƙafa waje a tsaye na ba abokin karawa maki 1. Kai mutum ƙasa tare da zagayawa bayansa a riƙe shi maki 2 ne, haka ma juya shi har bayansa ya fuskanci katifa. Jefa shi daga tsaye kai tsaye zuwa kan bayansa maki 4 ne, in kuma an ɗaga shi sama sosai an yi babban jifa, 5. Galibi ana cin wasa ta hanya uku: a danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa, ko a ba shi ratar maki 10 a firistayil, 8 a Gireko-Roman, ko kuma a fi shi maki a ƙarshen lokaci.

Wannan tsari bai daɗe ba. A watan Fabrairun 2013 shugabannin kwamitin Olamfik na duniya suka ba da shawarar a cire kokawa daga gasar 2020. Hukumar kokawa ta yi maza ta sake shugabanci ta gyara dokoki: aka bar tsarin zagaye uku da ake cin kowanne daban, aka koma tara maki, aka ɗaga makin kayarwa daga 1 zuwa 2. A watan Satumban shekarar aka maido da kokawa a taron da aka yi a Buenos Aires. Amfanin sanin wannan ga mai horarwa shi ne, wanda ya yi kokawarsa kafin 2013 yana iya koya wa yara lissafin da aka daina amfani da shi. Hukumar kan taɓa dokokin lokaci zuwa lokaci, don haka duba littafin dokoki na shekarar da ake ciki wajibi ne.

Wasan koyo na farko ba shi da maki ko ɗaya. Ana sakin yara su yi ta gudu da rarrafe da tsallen kwaɗo, da an busa usur kowa ya ƙame inda yake. Daga nan sai a haɗa su biyu-biyu suna ture juna, a riƙa busawa ba zato. Usur shi ne birkin kokawa, kuma yaron da bai saba tsayawa cak da jin sa ba bai isa a ba shi abokin karawa ba tukuna. A cikin wannan wasan ake cusa koyon faɗuwa: a manna haɓa a ƙirji, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin a nan ake samun targaɗe da karaya. Sai kuma a kwantar da su duka rigingine, a busa usur, a ga wanda zai riga kifewa rub da ciki ya baza hannu da ƙafa. Wasa ne da bai fi minti biyu ba, amma ya kamata a yi shi kullum, har jikin yaro ya riƙa juyawa da kansa duk lokacin da ya ji bayansa ya doshi ƙasa.

Maki na farko da yaro zai fara ci shi ne na fita daga fili. Ana zana da'ira mai faɗin kamar mita uku da alli ko toka, yara biyu su shiga su riƙe damatsan juna, kowa na neman fitar da ɗan'uwansa. Wanda ƙafarsa ɗaya ta fita gaba ɗaya an ci shi maki 1, sai a koma tsakiya a sake, wanda ya riga tara uku ya yi nasara. Yaran da suka yi langa sukan kama wannan nan da nan, don sun riga sun san yadda ake tsare daidaiton jiki ana turereniya, sun san kuma cewa wanda ya taho da ƙarfi ana iya goce masa ya wuce da kansa. Bayan kwana biyu sai a zana wata da'irar a ciki, tazarar taku ɗaya, ta tsaya a matsayin bakin nan mai ruwan lemo, a sa yaro na uku ya riƙa kiran launin duk wanda ya taka ta. Da haka ɗan koyo ke sanin inda yake a fili ba tare da ya dubi ƙasa ba, ya kuma koyi kewayawa ya dawo tsakiya maimakon ja da baya.

Wasan da'ira na da illa idan aka bar shi haka. Ƙaƙƙarfan yaro yakan gano cewa miƙe hannu biyu ya hankaɗa ya wadatar, sai ya zauna a kan haka. A dokar gasa kuwa, hankaɗa mutum waje da gangan ba tare da wani yunƙurin kamu ba ba ya kawo maki. Don haka tun a mako na biyu ya kamata a shigo da wannan sharaɗi: sai da riƙo na gaskiya, a damtse ko a ƙugu ko a ƙafa, makin zai tabbata.

Akwai wasannin da ke gina jiki da tsayuwa amma abin da ake ci a cikinsu ba maki ba ne a gasa. Mafi shahara shi ne taɓa gwiwa, inda yara biyu ke fuskantar juna a ɗan tsugune, kowa na neman taɓa gwiwar ɗan'uwansa yana kare tasa. Wasa ne mai kyau, domin yana tilasta wa yaro ya lanƙwasa gwiwa ya sa hannuwa a gaba. Amma kuskure ne a ce wa wanda ya taɓa ya ci maki. A ce ya yi taɓi uku ko taɓi biyar, a keɓe kalmar maki ga abin da alƙalin gasa zai ɗaga wa yatsa. Yaro ba ya raba wasan koyo da kokawar gaske a cikin kansa, kuma in ya saba jin maki ɗaya a kan taɓa gwiwa, zai je gasa ya taɓa gwiwa ya tsaya yana jira. Sannan a lura da masu sunkuyar da kai don su kai hannu, a gyara musu tun kafin ya zama jiki.

Makin kayarwa shi ne aka fi ci a kokawa, shi ne kuma aka fi gardama a kansa tsakanin yara, don haka ya cancanci a daɗe a wurinsa. Ana farawa da kamun wutsiya: a soke wa kowane yaro ɗan tsumma a bayan wandonsa, wanda ya fizge na ɗan'uwansa ya ci. Ba a kai ga tsumman sai an zagaya baya, kuma zagayawa baya ita ce zuciyar kayarwa a kan katifa. Idan sun iya wannan sai a cire tsumman, a ce a rungumo ƙugu ta baya. Daga nan a sauko da su kan gwiwoyi su yi kokawar a durƙushe, inda faɗuwa ba ta da nisa, a bayyana musu sharuɗɗan maki biyu: na ƙasa ya taɓa katifa da gaɓoɓi uku, kamar hannu biyu da gwiwa ɗaya ko gwiwa biyu da hannu ɗaya, na sama kuma yana bayansa yana riƙe da shi. Sauran yaran da ke zaune a gefe su ne masu ƙirga gaɓoɓin da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Wannan ƙirgen na kashe musun nan na "ai na kayar da shi" da "wallahi ban faɗi ba", don kowa ya ga abin da ake dubawa.

A nan ne kuma ake maganin mai sakin abokinsa ya tashi murna. Ba a bukatar yi masa faɗa. Mai horarwa ya ƙi busa usur kawai, ya bar wasa ya ci gaba na sakan goma bayan kayarwa. Wanda ya saki ya juya baya, abokinsa zai miƙe ya rungumo shi ya kwashe nasa makin, 'yan kallo su yi ta dariya. Sau ɗaya ko biyu ya isa.

Kokawar kwance baƙuwa ce ga yaran nan, kuma wasan da ke buɗe ta shi ne wanda za a iya kira juya waina. Ɗaya ya kwanta rub da ciki, ɗayan ya durƙusa a gefensa, a ba shi sakan 20 ya juya shi, sannan su yi musaya. Abin da ke da wuyar bayani shi ne inda maki ke farawa, domin ba sai an kwantar da mutum rigingine ba. Faranti kan taimaka. A tsayar da shi a kan gefensa a nuna wa yara cewa mutumin da ke kwance a kan haƙarƙarinsa haka yake, babu maki; a ɗan karkata shi har bayansa ya fara kallon ƙasa, a ce daga nan maki biyu sun shiga. A littafin dokoki an ce layin kafaɗu ya yi ƙasa da digiri 90 da katifa, amma yaro ɗan shekara takwas faranti zai tuna. Na ƙasa yana koyon baza jiki da ɗaga kai, na sama yana koyon sarƙe hannu a ƙugu ya mirgina da abokinsa. Kowace mirginawa cikakkiya maki biyu ce, sai a bar yara su yi lissafin da kansu: kayarwa ɗaya da mirginawa huɗu sun kai 10, wasa ya ƙare tun ba a cika minti ɗaya ba. Yaron da ya gano haka da kansa ba ya ƙara raina kokawar ƙasa. Sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa shi ne kada a kama wuya shi kaɗai, sai an haɗa da hannu ɗaya a cikin riƙon.

Danne kafaɗu kuwa yana gama wasa nan take, ko da wanda aka danne yana gaba da maki tara. Ana koyar da shi da yara uku: ɗaya a rigingine, ɗaya a kansa ƙirji da ƙirji, na ukun ya kwanta a gefe yana leƙen ko tafin hannunsa zai iya shiga ƙarƙashin allon kafaɗa. In allunan biyu sun manne da ƙasa lokaci ɗaya, ya bugi katifa da hannu kamar yadda alƙali ke yi. Na ƙasa yana da sakan goma ya gantsare ya kuɓuce, in har ya juya ya hau bayan na sama, ya ci maki 1. Gantsarewar manya a kan tsakar kai ba ta ƙananan yara ba ce, wuyansu bai yi ƙwarin da zai ɗauki nauyin mutum biyu ba. Su dogara da ƙafafu da kafaɗa ɗaya.

Maki huɗu da biyar a ido ake koyon su a wannan mataki. Ba a sa sabon shiga ya ɗaga ɗan'uwansa ya jefa. A nuna musu gajerun bidiyon gasa a waya, a tsayar kafin alƙali ya yanke hukunci, kowa ya ɗaga yatsunsa.

Duk cikin wasannin babu wanda ya kai alƙalanci koyar da doka. Ana raba yara uku-uku, biyu su yi kokawar minti ɗaya, na ukun ya riƙe usur, sannan a juya har kowa ya ɗanɗana. Alƙalin gasa yana ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannun hagu da shuɗi a na dama, ya ɗaga hannun mai launin wanda ya ci yana nuna adadin makin da yatsu, kuma guntayen atamfa biyu sun isa a kwaikwayi wannan. Yaron da zai ɗaga yatsu biyu a gaban abokansa dole ya san dalilin da ya sa biyu ne, don za a tambaye shi. Idan yaran suna da yawa sai a cika tsarin gasa, inda alƙalai uku ne: na tsakiya, na gefe, da shugaban katifa wanda ke raba gardama in na farkon biyu sun saɓa. Har ƙorafi ana iya shigowa da shi. A gasa kowane ɓangare na da damar neman a sake duba bidiyo. In an same shi da gaskiya damarsa na nan, in kuwa ba shi da ita ya rasa damar, a kuma ba abokin karawarsa maki 1. A wurin koyo mai horarwa shi ne bidiyon, ana jefa hula cikin fili a madadin ƙorafi. Yara masu yawan musu sukan yi laushi da sun ga musun banza na cin maki.

Allon maki ma wasa ne. A samo tsakuwa da marafan kwalba, tsakuwa ta zama maki ɗaya, marfi ya zama biyu, a riƙa jera su a layi bisa yadda aka ci su, na ja a sama na shuɗi a ƙasa. Wannan ɗan tsari na warware abin da ke rikita har manyan 'yan kallo, wato cewa babu canjaras a kokawar katifa. In lokaci ya cika maki ya zo daidai, ana fara duba wanda ya ci maki mafi girma a kamu ɗaya, don haka mai marfi ɗaya ya doke mai tsakuwa biyu. In nan ma daidai ne, sai a duba wanda ya fi ƙarancin gargaɗi, in an sake yin kunnen doki, wanda ya ci maki na ƙarshe shi ke da nasara. A jeren duwatsu yaro na ganin duk wannan da idonsa. Daga nan sai a shiga wasan "ga halin da kake ciki": mai horarwa ya jera duwatsu ya ce ja na da uku, shuɗi na da biyu, saura sakan 15, a fara. Na shuɗi zai gane cewa fitar da abokinsa waje zai kawo uku da uku, kuma ya tsaya ya yi tunanin ko hakan ya ishe shi ko sai ya nemi kayarwa. Wanda ya kai ga irin wannan tunani ya fara kokawa da kansa, ba da ƙwanjinsa kaɗai ba.

Wanda ke gaba da maki yakan so ya noƙe ya ɓata lokaci, doka kuma ta yi tanadin haka. A firistayil ana fara yi wa mai noƙewa magana, in ya ci gaba a ba shi sakan 30 ya ci maki, in bai ci ba a ba abokin karawarsa ɗaya. Ga yara ana rage shi zuwa goma, 'yan kallo su riƙa ƙirgawa da baki suna tafi.

Abubuwan da aka hana suna da yawa, amma duk suna komawa ga kare lafiyar abokin karawa: cizo, mintsini, jan gashi ko kunne, murɗa yatsu, shaƙewa, naushi, harbi da ƙafa, karo da kai, murɗa hannu ta baya fiye da kima, da riƙe riga. Laifi na jawo gargaɗi tare da maki ga wanda aka yi wa, gargaɗi uku kuma sun fitar da mutum daga wasan. Hanyar koyar da su ita ce mai horarwa da mataimakinsa su riƙa nuna kamu iri-iri a hankali, yara su ruga dama in an yarda da shi, hagu in an hana. Ba a sa yara su gwada haramtaccen kamu a kan juna da sunan koyo. Kafin a fara kowace rana, yara su duba hannuwan juna: a yanke farce, a cire zobe da awarwaro. Layu da guraye da 'yan kokawar gargajiya ke ɗaurawa ba sa hawa katifa, haka ma shafa mai a jiki, kuma gara a gaya wa iyaye wannan tun farko cikin ladabi. Musafaha kafin kamu da bayansa doka ce a gasa, don haka ko wasan sakan goma ne, da ita ake buɗewa da ita ake rufewa.

Wasanni ba sa yin amfani in tsarin wurin bai yi kyau ba. Da nauyi ake haɗa yara, ba da shekaru ba, domin 'yan shekara tara biyu na iya bambanta da kilo goma. Katifar kokawa na da tsada, amma rairayi mai laushi da aka tankaɗe aka fitar da tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe ya wadatar ga duk wasannin da aka ambata, muddin ba a jifa daga tsaye. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a ajiye ruwan sha kusa. Yaron da ke da makero ko wani ƙurji mai ruwa ya huta har ya warke, don cututtukan fata na saurin yaɗuwa ta haɗuwar jiki. A ba shi usur ya yi alƙalanci a kwanakin. 'Yan mata su yi da 'yan mata, in da hali a hannun mace mai horarwa, cikin suturar da iyayensu suka aminta da ita. Kada kuma a taɓa sa yaro ya ƙi ci ko sha don ya rage nauyi.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne gina wasa a kan "wanda aka cinye ya fita". A irin wannan tsari yaron da ya fi kowa bukatar gwaji shi ke fara komawa gefe ya zauna, gwani kuma ya yi ta maimaitawa. Ya fi kyau wanda aka cinye ya matsa da'ira ta gaba ya sami sabon abokin karawa, ko ya karɓi usur na zagaye ɗaya ya dawo. Kowane wasa kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai, kuma doka ɗaya sabuwa a rana ta isa.

Bayan wata biyu ko uku ana iya haɗa komai a 'yar ƙaramar gasa ta cikin gida: zagaye biyu na minti ɗai-ɗai, yara na alƙalanci da jera duwatsu, babba na tsaye kusa don tsaro. Abin da mai horarwa zai duba a ranar shi ne ko wanda ya kayar ya ci gaba da riƙo, ko wanda aka kayar ya kife da sauri, ko kuma ɗan kokawa zai iya faɗin makinsa da dalilin kowanne bayan an tashi. Wanda ya kasa sai a mayar da shi kan wasan da ya shafi dokar da ta kuɓuce masa. A tsarin hukumar duniya rukunin gasa mafi ƙanƙanta shi ne na 'yan shekara 14 da 15, ɗan 13 kuma sai da takardar likita da izinin iyaye. Yaron da ya fara yana ɗan shekara takwas yana da aƙalla shekara biyar a gabansa kafin ya kai wannan mataki, don haka babu dalilin gaggauta shi.